Franco A.: Hafsan sojan Jamus da ya yi shigar ɗan gudun hijira, kotu ta ɗaure shi kan shirya ta'addanci

Franco A. tsohon laftanar ne a rundunar sojan Jamus. A ranar 15 ga Yulin 2022 wata babbar kotu a birnin Frankfurt ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 5 da wata 6, bayan ta same shi da laifin shirya kai hari kan wasu fitattun mutane saboda aƙidarsa ta ƙyamar baƙi da Yahudawa. Abin da ya sa shari'arsa ta yi fice shi ne, ya shafe fiye da shekara guda yana rayuwa da fuska biyu: hafsan soja a bariki, kuma ɗan gudun hijirar Siriya a takardun hukuma. Kafofin labaran Jamus na kiransa da harafin farko na sunan danginsa kawai, kamar yadda suka saba yi wa waɗanda ake tuhuma.

Asalinsa da aikin soja

An haife shi a 1989 a garin Offenbach da ke kusa da Frankfurt. Mahaifiyarsa Bajamushiya ce, mahaifinsa ɗan Italiya. Ya shiga soja a 2008, daga baya aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta Saint-Cyr a Faransa.

A can ne alamar farko ta bayyana. A farkon 2014 malamansa Faransawa suka ƙi amincewa da kundin digirinsa na biyu, suka sanar da hukumomin sojan Jamus cewa yana cike da wariyar launin fata. A cikin kundin ya yi iƙirarin cewa shigowar baƙi da cuɗanyar jinsi wata maƙarƙashiya ce ta rusa al'ummomin Turai. Wani masanin tarihi da rundunar Jamus ta ba aikin duba kundin shi ma ya tabbatar da ƙorafin Faransawan. Duk da haka gargaɗi kawai aka yi masa, aka ba shi dama ya rubuta sabo. Ba a sanar da hukumar leƙen asirin soja ba. Daga nan aka tura shi bataliya ta 291 a Illkirch, kusa da Strasbourg, wadda ke ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwar Faransa da Jamus.

Yadda ya zama David Benjamin

A 2015 masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shiga Jamus, aiki ya yi wa ofisoshin rajista yawa. A ƙarshen watan Disambar shekarar Franco A. ya shafa wa fuskarsa abin da ya sa ta yi duhu, ya gabatar da kansa a matsayin David Benjamin, Kirista daga yankin Aleppo na Siriya.

Ba ya jin Larabci. Ya ce danginsa 'yan asalin Faransa ne, don haka aka yi masa tambayoyi da Faransanci. A ƙarshen 2016 hukumar kula da baƙi da 'yan gudun hijira ta Jamus, BAMF, ta ba shi kariya ta wucin gadi. An ba shi masauki a jihar Bavaria, yana kuma karɓar kuɗin tallafi, alhali albashinsa na soja na shiga.

Yadda asirinsa ya tonu

A watan Janairun 2017 ya ɓoye ƙaramar bindiga a banɗakin filin jirgin saman Vienna. Aka gano ta, 'yan sandan Ostiriya suka yi kwanto. Da ya dawo ɗauka a ranar 3 ga Fabrairu suka cafke shi, suka ɗauki zanen yatsunsa, sannan suka sake shi. Da aka bincika zanen, sai ya yi daidai da na ɗan gudun hijira David Benjamin. A ranar 26 ga Afrilun 2017 aka kama shi a Hammelburg, inda yake halartar horon soja.

Masu bincike sun gano harsasai fiye da 1,000 da abubuwan fashewa, wasu daga rumbun soja aka ɗebo su. Sun kuma sami rubuce-rubuce ɗauke da sunayen mutane, ciki har da Heiko Maas, ministan shari'a na lokacin, da Claudia Roth, mataimakiyar shugaban majalisar dokoki ta lokacin, da Anetta Kahane, shugabar gidauniyar Amadeu Antonio ta lokacin. Gidauniyar mai yaƙi da wariya ta samo sunanta ne daga wani ma'aikaci ɗan Angola da 'yan wariyar launin fata suka yi wa dukan da ya yi ajalinsa a garin Eberswalde a 1990. Franco A. ya je wurin ajiye motoci na ofishin gidauniyar a Berlin ya ɗauki hotuna.

Shari'a da hukunci

Shari'ar ta ɗauki lokaci. An sake shi daga tsare a watan Nuwamban 2017. A 2018 kotun Frankfurt ta ce hujjojin tuhumar ta'addanci ba su isa ba, amma kotun ƙolin tarayya ta soke wannan matsayi a 2019. Sai a watan Mayun 2021 aka fara sauraron ƙarar, kuma a watan Fabrairun 2022 aka sake tsare shi bayan an same shi da bajojin zamanin 'yan Nazi.

Masu gabatar da ƙara sun yi zargin cewa ya so ya kai hari ne a ɗora laifin kan ɗan gudun hijirar da ya ƙirƙira, domin a tunzura jama'a kan baƙi. Shi kuwa ya musanta shirin kai hari. Ya ce ya yi basajar ne don ya fallasa raunin tsarin ba da mafaka, makaman kuma ya tanade su ne don kare danginsa idan doka da oda suka rushe.

Kotu ta gamsu cewa ya ƙudurta kai hari, ta same shi da laifin shirya mummunan aikin da ke barazana ga ƙasa, da saɓa dokokin mallakar makamai, da zamba kan kuɗin tallafin da ya karɓa. Sai dai ba ta tabbatar da zargin cewa da sunan David Benjamin ya yi niyyar kai harin ba. A 2023 kotun ƙoli ta yi watsi da ɗaukaka ƙararsa. A dokar Jamus, sojan da aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye kan laifin ganganci yana rasa matsayinsa na soja.

Abin da ya biyo baya

Ministar tsaro ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta soki shugabancin rundunar a bainar jama'a, ta kuma ziyarci barikin Illkirch, inda aka tarar da ɗaki da aka ƙawata da kayan sojan zamanin Hitler. An bincika sauran barikoki, kuma a 2018 aka fitar da sabuwar ƙa'ida kan tarihin da ya halatta rundunar ta yi alfahari da shi. Matsalar ba ta tsaya nan ba: a 2020 aka rushe wani ɓangare na rundunar zaratan sojoji ta KSK saboda yaɗuwar irin wannan aƙida a cikinsa. Ita ma hukumar BAMF ta sake duba fayilolin mutanen da ta riga ta ba mafaka, ta kuma ƙara tsaurara tantancewa, har da amfani da na'urar gane karin harshe da binciken wayoyin salula.

Inda ya shafi mutanen zango

Jamus ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mazauna Nima da Maamobi da sauran zangonnin Accra. Kalmar "boga" da ake kiran ɗan Ghana da ya yi zaman Turai da ita, daga sunan birnin Hamburg ta samo asali, kuma birnin na da ɗaya daga cikin manyan al'ummomin 'yan Ghana a Jamus. Wasu matasan zango ta hanyar Agadez da Libiya suke bi kafin su tsallaka teku.

Tun 1993 Jamus ta sanya Ghana cikin jerin ƙasashen da take ɗauka masu zaman lafiya, abin da ke nufin da wuya ɗan Ghana ya sami mafaka, kuma shi ne zai kawo hujjar cewa ana tsangwamarsa. A cikin wannan tsari ne hafsan sojan Jamus da bai iya Larabci ba ya wuce a matsayin ɗan Siriya. Ƙarin binciken da aka ɓullo da shi bayan tonuwar asirinsa kuwa, a kan masu neman mafaka na gaskiya ya faɗa, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma.