Daga Fagen Kaka zuwa Safiyar Lahadi: Yadda Tafiyar Ɗan Dambe Ta Sauya

Wanda ya tashi daga Funtuwa ya nufi Gusau sai ya ratsa Mairuwa kafin ya kai Sheme da 'Yankara, sannan ya faɗa Tsafe ta ƙasar Zamfara. Hanyar hatsi ce da auduga da shanu. Inda shanu suka bi kuwa mahauta na biye, kuma a da duk inda mahauta suka yada zango ba a rasa dambe. Shi ya sa labarin ɗan dambe mai yawo gari-gari ya fi daɗin bi daga bakin wannan hanya, ko da yake yau a Kano da Abuja da Legas aka fi ganinsa.

Wasannin ƙarfi a ƙasar Hausa kowanne da masu shi. Kokawa ta 'ya'yan manoma ce, sharo na Fulani, dambe kuma na rundawa, wato mahauta. Kalangun da ake kaɗa wa mahauci ranar kasuwa don a san an yi yanka, shi ne dai ake kaɗa wa ɗan dambe idan zai shiga fage. Lokacinsa kuma sananne ne. Babu mai ɗaure hannu da zare alhali gero bai shiga rumbu ba. Sai kaka ta yi, an yanke dawa, an ɗaure dammuna, aljihu ya yi nauyi, bukukuwan aure da na kalankuwa sun kankama, sannan a aika goron gayyata ga mahautan garuruwan maƙwabta. Su kuma su taso ayari guda da makaɗansu da yaransu masu ɗaukar kaya, su sauka a hannun sarkin fawa, shi zai ba su masauki da tuwo. Da la'asar a fita bayan gari, a gonar da aka girbe ko bakin kasuwa, jama'a su yi da'ira. Ba ƙofa, ba tikiti, ba agogo.

Abin da ɗan dambe ke samu a wancan zamani kyauta ce daga hannun wanda ya ji daɗi: riga, ɗan kuɗi, goro, wani lokaci akuya. Amma babban abin da ya fito nema suna ne. Idan ya yi kisa, wato ya kai abokin karonsa ƙasa, kafin kasuwa ta sake ci labari ya kai garuruwa biyar. Idan kuma shi aka kashe, labarin zai riga shi isa gida. Ana shiga da layu da kambuna a damtse, wasu har da akayau na ƙarfe a ƙafa, wanda daga baya aka hana saboda ɓarnarsa. Tafiyar ba ta wuce nisan da ƙafa ko jaki za su kai, kuma da hadarin farko ya haɗo kowa sai ya kwance zare ya koma gona ko mahauta.

Jirgin ƙasa ne ya fara faɗaɗa wannan da'ira. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma don auduga da gyaɗa Turawa suka shimfiɗa shi, ba don 'yan dambe ba. Sai dai injin gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da fulotan da ake auna ta a ƙauyukan kudancin Katsina sun sa tsabar kuɗi a hannun manoma a daidai lokacin da ake buɗe fage. Manomin da ya karɓi kuɗin audugarsa da safe, da yamma shi ne mai yi wa gwaninsa kari. Ga kuma hanya ta samu: mutumin Zamfara na iya zuwa ya gwada ƙwanjinsa da na ƙasar Katsina ko Zazzau ya koma cikin mako guda. Da motocin haya suka yawaita bayan haka, sai aka fara samun mutanen da damben ne sana'arsu ta rani, fawa kuma ta zama abin da aka gada kawai.

A wannan zamani ne sunaye irin su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗanƙware suka cika ƙasa. A ganina, ba ƙarfin hannu kaɗai ya ɗaukaka su ba, domin an yi ƙarfafa kafin su waɗanda yau ba wanda ya san kabarinsu. Su sun dace da mawaƙi, mawaƙin kuma ya dace da rediyo. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Sakkwato, ya yi wa Shago waƙar da har gobe ake saurare, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai ta kowane zaure, kaset kuma ya zo ya ƙarasa aikin. Illon Kalgo ma ya yi wa 'yan dambe nasa hidimar. Daga nan mutum na iya zama gwanin dubban jama'ar da ba su taɓa ganin ya kai naushi ba. Mai shirya wasa kuma ya gane cewa suna kaɗai ya isa ya tara mutane. Wanda ya gane haka, ba zai daɗe ba zai kewaye fili da zana ya sa mutum a bakin ƙofa.

Haka gidan dambe ya samu, kuma shi ne babban juyin da ya faru ga wasan, ya fi na jirgi, ya fi na rediyo. Da aka sa kuɗin shiga, dambe ya daina jiran kaka. Mai gida yana da haya da zai biya da makaɗa da zai ciyar, saboda haka dole a yi wasa ko hatsi na rumbu ko ba ya nan. Kuma gidan ba zai zauna a Mairuwa ko Sabuwa ba, inda ɗan kallo ke da kuɗi wata uku a shekara. Zai bi 'yan ci-rani ne inda suke karɓar ladan aikinsu kullum: Sabon Garin Kano, inda filin Ado Bayero ya zama matattara, da Alaba Rago a Legas, wurin masu tumaki da 'yan dako daga Arewa. Bayan gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, sai Dei-Dei, mai kasuwar dabbobi da katako, da Mararraba ta jihar Nasarawa suka shiga sahu. Gidan damben Ali Zuma na Dei-Dei ya yi suna da wasan safiyar Lahadi, wanda Sashen Hausa na BBC ya daɗe yana kawo sakamakonsa. Abin lura shi ne ranar. Lahadi ba ta da wata alaƙa da gona ko kasuwar ƙauye. Ranar hutun lebura ce da direba da ma'aikaci a birni.

Tun da ba gari da gari ake karawa ba, sai aka raba 'yan wasa jam'iyya-jam'iyya: Kudu, Arewa da Guramada, daga baya Jamus ta ƙaru. Ɗan kallo na bin jam'iyyarsa kamar yadda ɗansa ke bin kulob ɗin ƙwallo. Sunayen 'yan wasan kuma na nuna gidan da mutum ya taso da maigidan da ya ɗaure masa hannu: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Daga cikin waɗanda aka fi ji a shekarun baya-bayan nan akwai Ebola daga Kudu, Ali Ƙanin Bello daga Arewa, da Garkuwan Cindo da Dogo Mai Takwasara daga Guramada.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda ƙarshen mako yake ga wanda bai kai waɗannan suna ba, domin su ne mafiya yawa. Matashi daga ƙauyukan Faskari ko Ƙanƙara zai ji an sa gasa a Abuja, damben babur ko na mota. Zai fito Funtuwa ya shiga motar Zariya, daga can Kaduna, ya isa da dare jiki duk ya yi tsami. Kuɗin motar sau da yawa nasa ne ko na maigidansa. Masaukinsa rumfar kwano ce a gefen filin, tabarma ɗaya shi da 'yan jam'iyyarsu, abincinsa na mai tuwo-tuwon bakin ƙofa. Da gari ya waye a naɗe masa hannu da ƙyalle a bi da zare, makaɗi ya kira shi, ya fito ya yi kirari, ya zagaya ya nuna wanda yake so. Idan wancan ya amsa, a sa zare. Turmi uku ne; in ba kisa alƙali ya raba su. Duk tafiyar kwana biyu na iya ƙarewa cikin minti ɗaya, da shi a ƙasa yana neman inda gabas take. In kuwa shi ya yi kisa, 'yan kallo su yi masa liƙi, makaɗi ya sami rabonsa, yara su sami nasu, mai gida ya ba da sallama daga abin da ƙofa ta tara. Babur ko motar mutum ɗaya ne zai tafi da ita. Sauran za su koma da kumburin ido da abin da bai fi kuɗin mota da ɗan cefane ba. Wanda muƙamuƙinsa ko yatsansa ya karye, maɗori ne asibitinsa, kuma daga aljihunsa.

A ƙetaren iyaka abin ya bi wata hanya dabam. Gwamnatin Nijar ta ɗauki kokawa ta mai da ita wasan ƙasa tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga nan jihohi ke karɓar baƙuncin gasar bi da bi, an gina filaye, kowace jiha na ɗaukar nauyin tawagarta, rediyo da talabijin na ƙasa na watsawa kai tsaye. Ɗan kokawa irin Issaka Issaka na Doso, da ya ɗauki takobi har sau shida, ba ya tunanin kuɗin mota. A Najeriya an sa dambe da kokawa da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa, akwai kuma hukumar wasannin gargajiya, amma wannan abu ne na lokaci-lokaci. Rayuwar ɗan dambe ta yau da gobe tana hannun masu gidaje ne da attajiran da ke sa kyauta, da 'yan siyasa idan zaɓe ya matso.

Sai kuma ga kyamara. A 2017 wasu matasa 'yan Kudancin Najeriya, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka fara ɗora wasanni a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suka kalla, da yawansu daga ƙasashen da ba a jin ko "sannu". Maxwell Kalu ya biyo da kamfanin African Warriors Fighting Championship. Lokacin ya yi musu daidai, domin a 2019 Kamaru Usman da Israel Adesanya duk sun ɗauki kambun gasar faɗa ta UFC, duniya ta fara tambayar wane irin faɗa ake yi a ƙasarsu Najeriya. Kamfanonin sun shigo da awon nauyi, da turmi mai ƙayyadadden lokaci, da likita a gefen fili, da kuɗin da aka yi ciniki kafin a sa zare. Likitan da cinikin ba ni da ja a kansu, an ma makara. Awon nauyi kuwa ya rage wani abu da tsofaffin 'yan kallo ke zuwa dominsa, wato ganin ɗan tsurut ya nuna ƙato ya kuma kayar da shi. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi da ƙarfi ba. Naushin da aka kai sau ɗaya a Kano ana iya kallonsa shekara biyar ana tara kuɗin talla a kansa, wanda ya kai shi da wanda ya sha shi kuwa sau ɗaya aka sallame su. Wani ɓangare na kuɗin tallan ma daga kamfanonin caca yake fitowa, abin da ba kowane uba a ƙasar Katsina zai so a danganta da ɗansa ba.

A daidai shekarun da dambe ke ƙetare teku ta waya, fagensa na asali yana mutuwa. Taron dare ko na bayan gari ya zama kasada a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara tun da 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan da suka haɗa yankin da Zamfara da Birnin Gwari. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ta taƙaita zirga-zirgar babura, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya na tsawon watanni. Kasuwar da ba a sayar da shanu ba ta tara mahauta, manomin da bai iya zuwa gonarsa ta nesa ba kuma ba shi da abin yin kari. Hanyar fita ma ba ta tsira ba, domin titin Kaduna zuwa Abuja ya yi ƙaurin suna, jirgin ƙasan da mutane suka koma bi kuma aka tare shi ranar 28 ga Maris 2022.

An ɗage yawancin waɗannan dokoki daga baya, kasuwanni sun dawo ci, amma tsarin da ke fitar da ɗan dambe ya riga ya juya. A da yaro na fara sa zare ne a gaban dattawan garinsu, ya buge sa'o'insa na ƙauyukan kewaye kaka biyu ko uku, sannan wani maigida ya ɗauke shi zuwa birni. Yanzu da yawa daga matasan yankin a birnin suke fara koyo. Rashin tsaro ya kora su Dei-Dei ko Alaba Rago neman dako ko acaɓa, suna zuwa kallo ranar Lahadi, wata rana wani ya ga faɗin ƙirjin ɗayansu ya ce ya zo a ɗaure masa hannu. Galibinsu ba su gaji fawa ba, kuma iyayensu a Mairuwa ko 'Yankara sukan fara sanin ɗansu ya zama ɗan dambe ne idan wani ya turo bidiyonsa ta WhatsApp.