Yadda Faɗin Kati Ya Takura Wa Jera Kod Kafaɗa da Kafaɗa

Duk wanda ya taɓa son jera guntayen kod biyu kafaɗa da kafaɗa a takardar PDF ya san inda gizo ke saƙa: faɗin shafi. Asalin matsalar kuwa ya girmi kwamfutar zamani. A 1928 kamfanin IBM ya fito da katin hudawa mai gurbi 80, layin kod ya gaji wannan awo, allon kwamfuta ma ya bi sahu. Har yau ƙa'idar PEP 8 ta Python, wadda aka rubuta a 2001, tana neman kada layi ya wuce haruffa 79, kuma cikin dalilanta har da samun damar buɗe fayiloli a jere.

Kwatanta fayil biyu ya samo tushe a Bell Labs ta Amurka, inda Douglas McIlroy da James Hunt suka samar da diff, wanda ya fito cikin Unix a 1974. Shi dai sama da ƙasa yake nuna bambanci. Daga baya sdiff ya raba allo gida biyu, tsohon rubutu a hagu, sabo a dama, da siririn lungu a tsakiya: sanda tsaye na nufin an sauya layin, alamar < na nufin hagu kaɗai ke da shi, > kuma dama. Sdiff na GNU haruffa 130 yake ba duka shafin, kusan faɗin tsohuwar na'urar bugu ta IBM 1403 mai 132. To, 80 sau biyu 160 ne, don haka dogon layi sai a datse masa wutsiya. GitHub ma sai a 2014 ya kawo irin wannan rabon.

Fitar da takarda ya fi wuya. Org mode na Carsten Dominik a 2003 da Markdown na John Gruber a 2004 an gina su ne kan rubutu mai gangarowa layi bayan layi, babu hagu babu dama. Dole marubuci ya ari hannun LaTeX, ya sa kowane guntu cikin minipage mai ƙasa da rabin faɗin shafi, ko ya koma HTML. Abin haushin, dabarar da ta yi a PDF ba ta aiki a burauza, sai an yi aiki biyu. A shafin A4 kuwa, kowane ɓangare da ƙyar yake ɗaukar haruffa 40 in ba an ƙanƙance rubutun ba.