Baƙin Ciki da Sauyin Halin Uba a Littafin Cry, the Beloved Country na Alan Paton

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda rashin ɗa ya sauya iyaye maza biyu a littafin da Alan Paton ya wallafa a 1948, shekarar da jam'iyyar National ta hau mulki a Afirka ta Kudu da manufar wariyar launin fata. Matsayar maƙalar ita ce baƙin ciki shi kaɗai bai gyara ko ɗayansu ba. Abin da ya sauya su shi ne sanin 'ya'yansu da suka yi bayan lokaci ya ƙure.

Stephen Kumalo

Kumalo limamin coci ne ɗan ƙabilar Zulu a ƙauyen Ndotsheni, inda zaizayar ƙasa ta cinye gonaki, matasa suka watse zuwa Johannesburg. Wasiƙar wani limami mai suna Msimangu ce ta kai shi birnin. Can ya tarar da ƙanwarsa Gertrude tana sayar da giya, sannan ya ji cewa ɗansa Absalom ya harbe wani Bature, Arthur Jarvis, a lokacin da shi da wasu suka shiga gidansa sata.

Mai karatu zai iya ɗaukar Kumalo dattijo mai haƙuri tun farko, amma labarin bai yarda da haka ba. Zafin rai ya fara fito da mugunta a tare da shi. Ya tsare yarinyar da ke ɗauke da cikin Absalom da tambaya, ko za ta yarda da shi kansa in ya neme ta, har ta fashe da kuka. Daga baya ya yi wa ɗan'uwansa John ƙarya don kawai ya tsorata shi. Duk sau biyun kunya ta kama shi, kuma a ganina daga wannan kunyar girmansa ya faro. Ya sa aka ɗaura auren yarinyar da Absalom a gidan yari, ya tafi da ita gida a matsayin suruka, tare da ɗan Gertrude.

James Jarvis

Jarvis, mahaifin Arthur, manomi ne mai wadata a kan tudun da ke saman Ndotsheni, kuma bai taɓa damuwa da halin maƙwabtansa ba. Sai da ya zauna a ɗakin karatun mamacin, tsakanin littattafai kan Abraham Lincoln, yana bin rubutun da Arthur bai ƙarasa ba, sannan ya gane irin ɗan da ya haifa. Ya fara aika wa yaran ƙauyen madara, ya tsara gina madatsar ruwa, ya kawo malamin gona Napoleon Letsitsi.

Sai dai Paton bai bar wannan alheri haka nan ba. Letsitsi ya nuna wa Kumalo cewa kyautar Jarvis biyan bashi ce kawai, tunda Turawa ne suka matse baƙar fata a ƙasar da ba ta ishe su ba. Dokar filaye ta 1913 ta ware musu kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, kuma sauyin zuciyar manomi guda bai taɓa wannan doka ba.