Amfilifayar jita: ƙirar hannu ko ta kamfani?

Amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, iri biyu ce a kasuwa. Manyan kamfanoni irin su Fender na Amurka da Marshall na Ingila suna ƙera dubbai, akasari a kan allon lantarki da inji ke bugawa. Ƙananan maƙera kuwa da hannu suke haɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022, kimanin 300 kacal ya ƙera, shi ya sa guda ɗaya kan kai dubun-dubatar daloli.

Ƙirar hannu ta fi sauƙin gyara, amma a filin biki ba kasafai kunne ke bambance ta da ta kamfani ba. Mai sayowa daga Amurka ya lura da wuta: tasu volt 120 ce, ta Najeriya 230, don haka sai da taransifoma.