Injin Yankan Itace a Ƙasar Gwashi

Injin yankan itace zarto ne mai sarƙa da masu katako ke aiki da shi a yammacin Zamfara, har da Gwashi ta Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Ba kamar injin mota ba, shi a cikin fetur ake gauraya masa mai. Kamfanin Stihl mai ƙera irin wannan inji ya ƙayyade kashi 1 na man 2T cikin kashi 50 na fetur. Wasu kan ce tsadar fetur tun cire tallafi a 2023 ta sa dole su zuba tsohon baƙin man mota a maimakon man 2T. Uzurin bai karɓu ba: dattin man kan toshe filogi, ya cinye fistin, balle in ana yankan kirya mai tauri. Kuɗin gyaran ya fi na man 2T yawa.