Karya Son Zuciya a Zawiyoyin Kano: Tushen Fasaha da Waraka

Mutane da yawa sun ɗauka cewa fasaha ba ta zuwa sai ga wanda ya riƙe linzamin al'amuransa gam, yana jin cewa shi ne mai yi. Tarihin zawiyoyin cikin ganuwar Kano ya nuna akasin haka. Tarbiyyar da shehunan ɗariƙa ke yi wa muridi ta ginu ne a kan karya son zuciya da sauke girman kai, kuma a cikinta ne aka samu rubuce-rubuce da waƙoƙi masu ɗimbin yawa a ƙarni na 20. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1996, ya bar tafsirin Alƙur'ani da Hausa da littattafai barkatai. Shehu Atiku Sanka na Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1974, ya shahara da ƙasidu na Larabci da na Hausa. Dukansu sun ɗauki abin da suka rubuta a matsayin buɗi daga Allah.

Dalilin haka a fili yake. Mai fargabar abin da za a ce da shi ba ya sakin jiki ya yi sabon abu, domin rabin hankalinsa na wajen tsaron mutuncinsa. A da'irar zikirin bandiri da ke Gidan Ƙadiriyya, daura da fadar Sarki, numfashi da kaɗawar jiki kan daidaita har muryar kowa ta narke cikin ta jama'a. A wazifar Tijjanawa kuwa, attajirin Kasuwar Kurmi da ɗan dako kan zauna gwiwa da gwiwa a kewayen farin ƙyalle. Wanda ya zo da ƙunci yakan tashi da sauƙi, saboda ya ajiye tunanin cewa komai a wuyansa yake, ya kuma ga ba shi kaɗai ba ne.

Masu suka na cewa wannan mutuwar zuciya ce, kuma miƙa wuya ga shehi kan buɗe ƙofar cin amana. Batu na biyu yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa malaman tasawwufi da kansu suka sharɗanta cewa a auna kowane shehi da ma'aunin shari'a. Na farkon kam bai tsaya ba, domin muridan nan su ne marina da maɗinka da fatake da suka raya kasuwancin birnin. Tawakkali bai taɓa hana su sammako ba.

Haka nan zikiri bai maye gurbin asibiti ba. Mai taɓin hankali a kai shi asibitin Dawanau wurin likita. Sai dai damuwar da son iko da gasar nuna isa ke haifarwa ba ƙwaya ke kawar da ita ba. Ya kamata masu nazarin adabi da likitocin ƙwaƙwalwa su ɗauki wannan tarbiyya a matsayin ilimin da ya cancanci bincike.