Daga Zanen Gawayi Zuwa Alat ɗin Waya

Da Allah ya sake nuna mana ranar da aka kafa ƙungiyarmu, shugaba ta ce mu 'yan ajin yamma mu rubuta tarihin karatunmu da hannunmu. To ga shi, a yi haƙuri da mu.

Iyayenmu mata sun iya lissafi tun ba su san biro ba. Uwar adashi takan ja layi da gawayi a bangon ɗaki, kowane zane zubi ɗaya. Mai ƙuli-ƙuli ta san tiya nawa ta soya, ta san abin da yarinya za ta dawo da shi daga talla. Amma in aka shafe bangon, ko mai riƙe da lissafin ta rasu, shi ke nan, sai rantse-rantse.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, a 1954 kuma aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai. Galibi maza ne suka amfana, mata suna cikin gida.

Sai ga canjin kuɗi, ranar 1 ga Janairu 1973. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule goma naira ɗaya, sulen da aka sani da kwabo sha biyu ya dawo kwabo goma. Iyayenmu sun ce a lokacin mace sai ta aika a kira ɗan makaranta kafin ta ba da canji.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, yayyenmu da dama a nan suka koyi rubuta sunansu. Mu 'yan kasuwa dai ba mu samu zuwa ba, don wa zai rufe rumfa ana tsakiyar ciniki?

Ajinmu rigima ce ta haife shi, tsofaffin membobi ba su manta ba. Kuɗin asusu suka ƙi cika, littafin kuma yaro ne yake rubuta mana, a cikinmu ba mai iya dubawa. Saura kaɗan zumunci ya watse. Nan muka yanke shawarar ɗaukar malama, ta riƙa samunmu a kasuwa bayan la'asar.

Ranar farko cewa ta yi kowacce ta faɗi masu riƙe mata bashi. Da sunayensu muka koyi baƙaƙe. Ta raba mana shafi gida huɗu: suna, kaya, kuɗi, rana. Darasin da ya fi mana ciwo shi ne na raba uwar kuɗi da riba. Da muka cire kuɗin mota, da na ɗan dako, da leda, da kuɗin rumfa, wallahi wasunmu sai ga shi shekara da shekaru uwar kuɗi muke ci, muna cewa kasuwa ce ba albarka. Akwai wadda ta yi kuka a wurin (ta ce kada mu faɗi sunanta, ga ta nan yanzu ita ce mai binciken asusu).

Farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma tiransifa. Wadda ba ta bambance 5,000 da 50,000 ta ji jiki, ga masu nuna alat na ƙarya su kwashi kaya. 'Yan aji kuwa sai mu duba abin da ya shigo asusunmu tukuna mu ɗaura kaya. Maƙwabtan rumfa har layi suke yi a karanta musu saƙo.

A taro mai zuwa za a kawo maganar ko a ci gaba da biyan malama daga asusu. Mun riga mun lissafa abin da zai faɗa kan kowace mace a wata, yana rubuce a littafin da ke hannun ma'aji. Mai so ta je ta duba, wadda ba ta fara shiga aji ba kuma ta kira ɗayarmu ta karanta mata.